Ɗigon Man Kwakwa a Gaban Riga

Shekara ashirin da shida ina yi wa mutum ɗaya girki, kuma duk layinmu na Hayin Banki babu macen da za ta ce ta fi ni sakin hannu wajen zuba mai. Idan na sauke miyar taushe, man da ke samanta kaɗai ya isa wata ta yi girkin kwana biyu. Tuwon Malam, wato maigidana, ba ya fita daga ɗakin girki sai na haƙa masa rami a tsakiya na cika shi da man shanu soyayye da albasa. Haka na ga uwata tana yi, haka aka koya mana: matar da ke son mijinta a miya ake ganewa. Idan ana biki a layi ni ake kira in tsaya a kan tukunya, ina kuwa zuwa da fankamata.

Malam yana da shagon fenti da kayan gini a wajen Kawo. Wata Talata da hantsi yana cikin sauke kaya ƙirjinsa ya riƙe, gumi ya karyo masa, ya zauna a kan bokitin fenti ya kasa tashi. Maƙwabtan shago suka kai shi asibiti. Kwana tara muka yi. Ranar da za a sallame mu, likitar da ke duba shi, wata doguwar mata mai magana a hankali, ta zaunar da mu ta ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ta fara toshewa, kuma kitse ya yi yawa a jininsa. Ta rubuta magunguna, ciki har da wata 'yar ƙwaya da ta ce kada ya kuskura ya tsallake ta, ita ce mai rage kitsen. Sannan ta juyo gare ni.

"Hajiya, sauran aikin naki ne. Ban ce a daina mai gaba ɗaya ba, jiki na bukatarsa. Amma man shanu, kitsen nama, kakiɗe, soye-soye, a ajiye su. Manja ɗan kaɗan. Man gyaɗa ki riƙa aunawa da cokali, ba da ludayi ba. Ki yawaita masa kifi da wake da ganye."

Ta tambaye ni yadda nake girki, na gaya mata gaskiya, har da ramin tuwo. Rubutu kawai ta ci gaba da yi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fito daga ofishin nan ina kallon hannuna na dama, ina jin haushinsa.

Mun dawo gida, sai kwanukan dubiya suka fara shigowa. Wanda bai zauna a unguwa irin tamu ba ba zai gane ba. Mara lafiya ya dawo daga asibiti, kowace maƙwabciya sai ta nuna ita ma tana da hannu, kuma abin kunya ne ki aika wa mara lafiya abinci ba maiƙo, sai a ce kin raina shi ko kin yi rowa. Farfesun kayan ciki, farfesun kan rago, kaza soyayya an sake jefa ta a miya, duk mai yana iyo a sama. Ba a mayar da kwanon dubiya, ba a kuma cewa an gode amma ba zai ci ba. Sai in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in raka mai shi har zaure, in dawo in zauna da cokali ina yaɗe man ina zubawa a wata babbar kwalba. Zubar da shi a kwata ya yi mini nauyi, abinci ne. Na tura kwalbar can ƙasan firji na ce zan san yadda zan yi da ita. Kafin kwana goma sha biyu ta cika.

A cikin kwanakin nan ne Yaya ta zo ta wuni. Yaya babbar yayar Malam ce, kuma kusan ita ce uwarsa. Mahaifiyarsu ta rasu a Katsina yana ɗan shekara uku, ita ta goye shi, da aure ya kawo ta Kaduna ta taho da shi. Ƙannenta maza uku ne. Ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, ɗaya aka je tashinsa aka tarar ya cika, dukansu ba su kai sittin ba. Malam kaɗai ya rage mata. Tun kafin ya aure ni, duk safiyar duniya sai ya biya ta gidanta a Unguwar Sarki ya gaishe ta kafin ya juyo ya buɗe shago. Ni kuwa, ko da na haifi biyar na aurar da biyu, har yau Amarya take ce mini.

Ta shiga ɗakin girkina ba sallama, ta ɗaga murfin tukunya. Miyar zogale ce da kifi, man gyaɗa cokali biyu.

"Amarya, wanga mi ne ne? Miya ko ruwan wanke kwano?"

"Haka likita ta ce, Yaya."

"Likita ta ce ki ramar da shi? Dubi wuyanshi hwa."

Sai ta ciro waya daga jaka ta kunna mini wani bidiyo da matan makarantarsu ta Islamiyya suka tura mata. Wani mutum ne da farar riga da murya mai daɗi, yana riƙe da kwalbar man kwakwa. Yana cewa cokali biyu kullum da safe kafin a ci komai yana narkar da kitsen jijiya, yana wanke zuciya, yana gyara ƙwaƙwalwa, wanda ya riƙe shi ya yi bankwana da ƙwayoyin asibiti. Na saurara har ƙarshe don ladabi. Na ce mata mu bari tukuna mu ga yadda maganin likita zai yi. Ta mayar da wayar jaka, ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni kuma da wautata na ɗauka an wuce wurin.

Wata uku na yi ina auna mai da cokali. Na koyi gasa kifi a kan waya, na koyi ƙara daddawa da citta don miya ta yi ɗanɗano ba sai an lafta mata mai ba. Yara suka yi ta gunaguni, na ce wanda bai iya ci ba ga hanyar mai ƙosai nan. Labari ya zaga layi cewa tun da Malam ya kwanta na ɗaure bakin galan. Wata ma ta ce mini a wurin suna, tana dariya, wai ko in aiko ta sammini mai. Na ce mata ta riƙe abinta, mijinta ya fi bukata, na ga wandonsa na zamewa. Malam ya koma shago, yana cin abin da na ba shi ba ƙorafi, har ina mamakin haƙurinsa.

Ranar komawa asibiti na saka sabon leshi, don na san yabo zan je karɓa. Likita ta dubi takardar gwaji, ta sake duba ta farko, ta cire tabarau. Kitsen bai sauka ba. Ya ma ɗan hau.

"Hajiya, me kike ba shi?"

Na lissafa mata komai, har cokali. Ta girgiza kai.

"Takarda ba ta nuna haka ba. Ki ji tsoron Allah, ran mutum ne a hannunki. Idan abin nan ya sake buge shi, ban san ko za ku iso nan da shi ba."

Na juya na kalli Malam, ina jiran ya ce wallahi matar nan tana ƙoƙari. Sai kawai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yana gyara mata kari. Ko tari bai yi ba. A cikin keke mai ƙafa uku da ya ɗauko mu zuwa gida na yi kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne. An kira ni marowaciya a unguwa, an kira ni maƙaryaciya a asibiti, duk a kan tukunya ɗaya.

Na rage man zuwa cokali ɗaya. Na fara zargin kifin, na zargi gyaɗar da ake matso man, har mai niƙa na zarga. Abin da ya tona asiri wanki ne. Ni nake wanke wa Malam fararen kayansa da hannuna, ban yarda da kowa a kansu ba. Wata Asabar ina saɓa wata riga sai na ga ɗan tabon mai a gabanta, ƙasa da maɓalli na biyu. Na ɗauko ta jiya, ga shi nan a wuri ɗaya. Ta shekaranjiya ma haka. Mutumin da abincinsa ba ya ko ɓata kwano, ina ya samo mai a ƙirji? Na kai rigar hanci. Ƙamshin kwakumeti ne sak, alewar kwakwar nan da muke saya muna yara.

Da safe yana saka takalmi na shimfiɗa rigunan uku a gabansa.

"Malam, wannan fa?"

Ya dube su, ya dube ni, ya zauna a bakin gado. Bai wahalar da ni ba. Ya ce tun ranar da ya koma shago, duk safiya idan ya je gaisuwa Yaya na jiransa da kwalba da cokalin miya. Biyu take ba shi, a tsaye, da hannunta, shi ya sa yake ɗiga. Bayan nan sai ta ajiye masa ɗumamen tuwo da man shanu, ta ce ya ci ya ji ƙarfin jikinsa tunda ba a ba shi a gida. Ashe haƙurin da nake yabo ƙoshi ne. Na tambaye shi ƙwayar fa. Ya sunkuyar da kai. Ya ce Yaya ta ce tunda ana shan na gargajiya a riƙa hutar da ta asibiti, kada su haɗu su yi masa ƙarfi. Yana sha ran Juma'a da ran Litinin.

"Kana zaune likita ta wanke ni tas, ba ka ce uffan ba."

"Yaya ce fa. Ta miƙo mini cokali, in ce mata me? In ture hannunta?"

"A'a, kada ka ture. Ka bari a ture mu gaba ɗaya, ni da 'ya'yanka."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya fita bai karya ba, ko kuma in ce ya tafi inda zai karya.

Ban so in tunkari Yaya da zafin kai kawai, don haka ranar Litinin na koma asibiti ni kaɗai, na bi layi tun safe har azahar don in yi tambaya ɗaya. Da na gaya wa likita, ta dafe kai, sannan ta ba ni haƙuri. Ta ce man kwakwa mai ne kamar kowane mai, ba ya narkar da komai a jijiya. Ta ce wajen ɗaga kitsen da ke cutar da zuciya ɗan gidan su man shanu ne, irin man da ke barci idan an yi sanyi. Mai lafiya ya ɗan sa a girki ba guba ba ne, a shafa a fata ko a gashi ma babu laifi. Amma mutum irin Malam ya riƙa kurɓarsa da cokali, a'a. Ta ce duk da haka abin da ya fi tayar mata da hankali ƙwayar da yake tsallakewa ce.

Washegari Malam ya fito zai tafi ya tarar da ni a zaure da mayafi da leda a hannu.

"Ina zuwa?"

"Gaida Yaya."

A hanya sau biyu yana cewa in bi a hankali, babba ce. Na ce na sani.

Ku gane, a wurinmu matar ƙane ba ta ɗaga ido ta kalli irin Yaya, balle ta ja da ita. Shekara ashirin da shida ina durƙusa mata har ƙasa, ko laifi ta ɗora mini sai in ce ta yi haƙuri. Da muka shiga tana zaune a kan tabarma a baranda, ga kwalba ga cokali a kan faranti, ga langar ɗumame a rufe. Ta gan ni ta ɗan yi turus, amma ta dake. Na durƙusa na gaishe ta yadda na saba. Ta amsa a daƙile, ta buɗe kwalba ta cika cokali ta miƙa wa ƙanenta. Ya matso kamar yaron da za a ba maganin tari. Sai na sa hannuna tsakanin cokalin da bakinsa.

"Yaya, ba zai sha ba."

"Mi kika ce?"

"Na ce ba zai sha ba. Yau ba zai sha ba, gobe ma haka."

Man ya zube a tabarma. Ta ajiye cokalin a hankali.

"A gidana? Ke? Yaron da na goya kina ina? Kin hana mishi abinci a gidanki, kin biyo shi nan ki hana mishi magani?"

Na buɗe leda na ciro kwalbar nan ta ƙasan firji, wadda na manta da ita wata uku. Da ɗaukewar wuta da dawowarta man ya narke ya daskare ba adadi, ya yi hawa-hawa, fari da ja da ruwan ƙasa. Na buɗe murfin, wari ya tashi, Yaya ta kau da kai.

"Wannan daga kwanukan dubiya na kwashe shi, na kwana goma sha biyu kacal. Duk wadda ta kawo son shi take yi. Ke ma son shi kike yi, na sani. Amma likita ta ce man nan naki ɗan'uwan wannan ne, kuma ƙwayar da kika ce ya huta ita ke riƙe da shi."

"Likita, likita! Biyu na rasa, Amarya, biyu! Wanga kaɗai ya rage mini. Kullum ina ganin shi shina ramewa, ki ce in naɗe hannu?"

Muryarta ta karye a nan. Na ji tausayinta har cikin raina, don tsoron da ke hana ta sukuni shi ke hana ni. Amma na san idan na sassauta a wannan minti, gobe cokali zai dawo.

"Yaya, ke kika goye shi, ban musa ba. Amma man da ya toshe masa jijiya ba ke kika zuba ba. Ni ce. Shekara ashirin da shida, safe da yamma, da wannan hannun, ana yabona ina jin daɗi. Ke ma kin yabe ni. To ni na zuba, ni zan kwashe, kuma babu wanda zai riƙa ƙara mini ta baya. Ko ke."

Malam yana tsaye a gefe yana ta "a yi haƙuri, a yi haƙuri," ban san da wa yake ba, ina jin shi ma bai sani ba. Yaya ta nuna mini ƙofa ta ce in fita mata daga gida, kada in sake taka shi. Na ce zan fita, amma da mijina, kuma gobe idan ya zo gaisuwa tare za ta gan mu.

Haka kuwa aka yi. Duk safiya sai na ga ya haɗiye magungunansa a gabana, in bi shi Unguwar Sarki, in durƙusa in gaida Yaya. Ba ta amsawa. In koma gefen tabarma in zauna in zuba wa farantin ido har su gama hirarsu, sannan in hau keke in dawo gida. Dangin Malam na Katabu suka yo tawaga suka zo yi mini faɗa, wai na raba 'yan'uwa, na mallake musu ɗa. Na dafa musu shinkafa da wake da man gyaɗa cokali biyu, na saurare su, na ce na ji, na gode. Washegari na sake ɗaukar mayafi. An fi wata biyu ana haka kafin wata safiya Yaya ta amsa mini da "lahiya" ɗaya tak, tana kallon bango. Kwalbar ta ɓace daga faranti. Daga baya na hango ta a kan taga, ashe faso take shafa wa man.

Gwajin da ya biyo baya kitsen ya sauka. Likita ta nuna mini takardar, na karɓa na ninke na sa a jaka, ban kai wa kowa ya gani ba.

Yau shekara huɗu ke nan. Malam ya wuce shekarun da 'yan'uwansa biyu suka tsaya. Har yanzu idan ya ga man shanu a tuwon wani sai ya bi shi da kallo, har yanzu ba a kirana kan tukunyar biki a layinmu. Yaya kuwa duk wanda ya zo dubiya ko gaisuwa sai ta ba shi labarin yadda ƙanenta ya kusa tafiya, Allah Ya sa ta yi wuf ta ba shi man kwakwa wata uku cur, shi ya wanke masa zuciya. A gabana take faɗa. Da farko nakan ji kamar in tashi in yi magana. Yanzu sai in bari baƙon ya fito zaure, in bi shi in ce kada ya kuskura ya gwada, ya je ya tambayi likita. Yabon na bar mata. Ni abin da nake so shi ne idan na wanke fararen rigunan nan na goge, da safe a sami mai saka su, kuma yau ma ya saka.